Yadda ake karanta alƙaluman asarar bala'o'i a gane abin da ke ƙara wa inshorar kadarori tsada

A watannin farko na kowace shekara manyan kamfanonin inshora na duniya, musamman Munich Re na Jamus da Swiss Re na Suwizalan, sukan fitar da lissafin abin da bala'o'i suka ci a shekarar da ta wuce, kafafen labarai kuma su tsinci adadi ɗaya su yi kanu da shi. A lissafin Swiss Re, diyyar da ta hau kan masu inshora saboda ambaliya da guguwa da gobarar daji da girgizar ƙasa a 2024 ta kai dala biliyan 137, kuma shekara ta biyar ke nan a jere da adadin ya haura biliyan 100. Kamfanin ya ce ko bayan an cire tasirin hauhawar farashi, wannan asara tana ƙaruwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a kowace shekara, wato tana ninka kanta a cikin shekara goma zuwa goma sha biyar.

Adadi mai girma haka yana razana mutum, amma ba ya ƙara masa sani sai an warware shi. Mai gida ko mai masana'anta da aka ƙara wa kuɗin inshora, da ma'aikacin banki da ke karɓar kadara jingina, da ɗan jaridar da zai kai wa jama'a labarin, duk suna bukatar sanin daga ina tsadar ta taso, domin wani ɓangarenta yana hannun mutane, kuma shi ne ɓangaren da ya fi girma. Warwarewar ba ta bukatar lissafi mai zurfi, tambayoyi ne da ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Fara da sanin wane adadi aka ba ka

Kowane bala'i yana da adadi biyu. Akwai jimillar ɓarna, wato darajar duk abin da ya lalace na gidaje da hanyoyi da gadoji da gonaki, ko an yi musu inshora ko ba a yi ba, akwai kuma abin da inshora ta biya. A 2024 Swiss Re ya ƙiyasta jimillar ɓarnar duniya a kan dala biliyan 318, ke nan fiye da rabinta mutane da gwamnatoci ne suka ɗauka daga aljihunsu. Duk wanda ya haɗa adadin biyu a wuri ɗaya zai yi kuskure mai nisa, domin abin da inshora ta biya yana nuna inda ake sayen inshora ne, ba inda aka fi shan wahala ba. Girgizar ƙasar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe mutane sama da dubu 50, amma abin da inshora ta biya bai wuce kimanin dala biliyan 6 ba. Watanni kaɗan kafin nan, a Satumban 2022, mahaukaciyar guguwar Ian ta kashe mutane kimanin 150 a jihar Fulorida ta Amurka, sai ga shi an ƙiyasta diyyarta tsakanin dala biliyan 50 zuwa 65. Haka nan ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024 ta mamaye babban ɓangare na Maiduguri, amma kusan ba ta taɓa lissafin kamfanonin inshora na duniya ba, saboda a Najeriya kuɗin inshora baki ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba.

Bayan wannan, ka duba abu biyu a ƙasan rahoton. Na farko, ko an haɗa da abin da shirye-shiryen gwamnati suka biya: bayan guguwar Katrina ta 2005 kamfanoni masu zaman kansu sun biya kimanin dala biliyan 41, shirin inshorar ambaliya na gwamnatin tarayyar Amurka kuma ya biya kimanin biliyan 16, shi ya sa za ka tarar rahotanni biyu sun saɓa a kan bala'i ɗaya ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Na biyu, ko an mayar da tsohon adadi kan darajar kuɗin yau. Dalar 1992 ba dalar 2024 ba ce, kuma jadawalin da ya jera su ba gyara zai nuna maka tashin da ya fi na gaskiya.

Tambayi abin da ke kan hanyar bala'in

Wannan ce tambayar da ya kamata ka fi daɗewa a kanta, domin ita ke ɗauke da kaso mafi tsoka na amsar. Guguwar da ta sauka a dajin da ba kowa ba ta jawo wa kamfanin inshora asarar ko sisi, wadda ta sauka a birni kuwa tana iya durƙusar da shi, alhali ƙarfin iskar ɗaya ne. Saboda haka kafin ka yarda cewa bala'o'i sun ƙara ƙarfi, ka nemi sanin mutum nawa da gini nawa da dukiya nawa aka ƙara ajiyewa a wurin.

Fulorida ce misalin da ya fi fitowa fili. A 1960 mutanen jihar ba su cika miliyan 5 ba, a 1990 sun kusa miliyan 13, a ƙidayar 2020 kuma sun haura miliyan 21, yawancinsu a bakin teku inda fili ya fi tsada kuma guguwa ta fi sauka. Lokacin da guguwar Andrew ta afka wa kudancin birnin Miami a Agustan 1992, inshora ta biya kimanin dala biliyan 15 da rabi, adadin da ba a taɓa ganin irinsa ba, har kamfanoni da dama suka karye. Shekara talatin bayan nan Ian ta sauka a gaɓar yammacin jihar, inda aka cike fadamu aka haƙa magudanai aka jera gidaje a bakinsu. Irin wannan ne ya faru a Kaliforniya, sai dai can daji ne ake kutsawa: unguwanni sun shiga cikin tsaunuka masu busasshen itace, kuma gobarar Camp ta Nuwamban 2018, wadda layin wutar lantarki ya tayar, ta cinye garin Paradise ta kashe mutum 85 ta lalata gine-gine sama da dubu 18. A Janairun 2025 gobarar Palisades da ta Eaton a yankin Los Angeles sun lalata gine-gine sama da dubu 16, kuma da yake wasu unguwannin na masu hannu da shuni ne, an ƙiyasta diyyar a kan kimanin dala biliyan 40.

Yawan dukiya kaɗai bai isa ba, sai ka duba yadda ta taru a wuri ɗaya. Ambaliyar Tailan ta 2011 ta ba masana'antar inshora mamaki saboda ba a lissafa ƙasar cikin wuraren da ake tsoro ba, amma ruwan ya kwanta makonni a rukunonin masana'antu na Ayutthaya da kewayen Bankok, inda kamfanonin Japan suka jera wuraren haɗa motoci da na'urorin ajiyar bayanan kwamfuta. Diyyar ta kai kimanin dala biliyan 15, kuma wani kaso nata na tsayawar aiki ne, har a masana'antun wasu ƙasashe da ruwa bai taɓa ba amma suka rasa kayan haɗi. A Afrilun 2022 ambaliyar Durban a Afirka ta Kudu ta kashe mutane sama da 400 ta kuma rufe masana'antar Toyota da ke Prospecton tsawon watanni. Wanda ya san kasuwanninmu ba ya bukatar dogon bayani a nan. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya, kasuwar Monday ta Maiduguri kuma ta ƙone a Fabrairun 2023 sannan ruwa ya shige ta a 2024. Kamfanin da ya yi wa shago dubu inshora a kasuwa ɗaya, a takarda yana da abokan ciniki dubu, amma a haƙiƙa haɗari ɗaya ya ɗauka.

Akwai wani abu da birane ke yi wanda ba ya fitowa a ƙidayar jama'a. Duk inda aka shimfiɗa kwalta da siminti, ƙasa ta daina shan ruwa, sai ruwan da a da yake nutsewa ya bi titi ya shiga gidaje. Da guguwar Harvey ta tsaya a kan birnin Houston a 2017, gidaje masu yawa da ruwa ya ci suna wajen yankin da taswirar gwamnati ta nuna akwai haɗari. Idan ka ga unguwar da ba ta saba ambaliya ba ta fara yi, ka fara duba abin da aka gina a sama da ita da kuma magudanan da aka toshe.

Lissafa kuɗin mayar da abin da ya rushe

Kamfanin inshora ba farashin da ka sayi gida yake biya ba, kuɗin sake gina shi yake biya a farashin ranar da aka yi ɓarnar. Daga 2020 zuwa 2022 farashin katako da ƙarfe da ladan ma'aikata ya yi tashin gwauron zabo a Amurka da Turai, har ya wuce hauhawar farashin sauran kayayyaki, ta yadda gida ɗaya da rufi ɗaya da iska ɗaya suka koma suna jawo diyya mai yawa fiye da ta shekara uku baya. Kan wannan sai ka ƙara abin da ke faruwa bayan kowane babban bala'i: dubban mutane suna neman birkila da kafinta da kwano a lokaci ɗaya, farashi ya ƙara hawa, aiki ya yi jinkiri, kamfanin kuma yana biyan kuɗin hayar wurin da iyalin ke zaune har a gama. Gidajen yanzu ma sun fi na da kayan da ke saurin lalacewa, kamar faifan sola a kan rufi da na'urorin lantarki a ƙasa, waɗanda ƙanƙara ko ruwa na awa ɗaya ke gamawa da su.

Wani ɓangaren tsadar kuwa a kotu ake haifar da shi. Hukumar kula da inshora ta Fulorida ta nuna cewa a 2020 jihar ke da kimanin kashi 9 cikin 100 na neman diyyar gidaje a duk Amurka, amma ita ke da kusan kashi 79 na ƙararrakin da aka shigar a kan kamfanonin inshorar gidaje. Dokar jihar ta wancan lokaci ta ba mai gida damar miƙa haƙƙinsa na diyya ga ɗan kwangilar gyaran rufi, kuma idan aka ci kamfani a kotu shi ke biyan lauyan mai ƙara, sai wasu suka mayar da abin sana'a. Kamfanoni shida suka karye a jihar a 2022, wasunsu tun kafin Ian ta iso, kuma a Disamban wannan shekara majalisar jihar ta soke tanade-tanaden biyu. Wannan ba ya nufin duk mai ƙara maƙaryaci ne, domin akwai mutane da yawa da sai da suka je kotu kafin a ba su haƙƙinsu. Abin da za ka riƙe shi ne, idan kuɗin inshora ya tashi a wani wuri fiye da maƙwabtansa masu yanayi iri ɗaya, to ka duba dokokin wurin.

A Najeriya canjin kuɗi ne ke taka babbar rawa wajen tsadar sake gini. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500, kuma duk injin da ake shigowa da shi daga waje, da rodi da kayan wuta da gilashi, sun bi ta.

Ka ba sauyin yanayi kasonsa

Mutane sun rabu biyu a nan, wasu suna ɗora komai a kan ɗumamar yanayi, wasu suna musun cewa tana da hannu, kuma duka ɓangarorin suna hana a ga abin da za a iya gyarawa. Abin da kimiyya ta tabbatar shi ne, iska tana ƙara riƙe danshi da kimanin kashi 7 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri ɗaya, saboda haka ruwan sama mai yawa a lokaci ƙanƙani yana ƙaruwa. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, kimanin digiri 1.55 sama da zamanin da masana'antu ba su bunƙasa ba. Teku ya ƙara tasowa, don haka ruwan da guguwa ke turowa yana kaiwa inda a da ba ya kaiwa, ɗumin ruwan teku yana sa guguwa ta ƙara ƙarfi cikin sauri, rani mai tsawo kuma yana busar da daji. Hujjar ta fi ƙarfi a kan ruwan sama da zafi da yanayin gobara, ta fi rauni a kan ƙanƙara, girgizar ƙasa kuwa ba ruwanta da yanayi. Idan rahoto ya jera su duka ya kira su sakamakon sauyin yanayi, ka raba su da kanka.

Ka kuma lura da irin bala'in da ke cin kuɗin, domin nan ne abin ya fi sauyawa. A 2023 babu wata guguwar teku da ta yi ɓarna irin ta Ian, amma inshora ta biya dala biliyan 108, kuma biliyan 64 daga ciki na hadari ne mai tsawa da ƙanƙara da iska, mafi yawansa a Amurka. Kowane ɗaya daga irin waɗannan bai kai ya cika kanun labaran duniya ba, sai dai suna zuwa sau da yawa a shekara, suna fasa rufi da gilashin mota a garuruwan da ke ta faɗaɗa.

Bi kuɗin zuwa ga wanda ke bayan kamfanin

Inshora tana tafiya ne a kan cewa ba kowa zai yi asara a lokaci ɗaya ba, kamar adashi da ke tafiya lafiya muddin ɗauka bi da bi ce, wanda kuma zai watse ranar da kowa ya ce yau zai kwasa. Gobarar gida ɗaya ba ta damun kamfani, bala'i kuwa yana kawo dubban masu neman diyya a mako ɗaya. Shi ya sa kowane kamfani ke saya wa kansa inshora daga manyan kamfanonin inshorar inshora, irin su Munich Re da Swiss Re da Hannover Re da kasuwar Lloyd's ta Landan, da kuma Africa Re wanda aka kafa a 1976 yake da hedikwata a Legas. Yarjejeniyar takan kasance hawa-hawa: kamfani ya ɗauki asarar farko har zuwa wani adadi, abin da ya haura sai na bayansa su biya har zuwa wata iyaka.

Daga 2017, shekarar guguwar Harvey da ta Irma da ta Maria, zuwa 2022, waɗannan manyan kamfanoni sun yi ta biya ba tare da samun ribar da masu jarinsu ke nema ba. A sabunta yarjejeniyoyi na 1 ga Janairun 2023 sai suka juya: dillalin inshora Howden ya ƙiyasta farashin kariyar bala'i ya tashi da kashi 37 cikin 100 a duniya, kuma, abin da ya fi wannan tasiri, suka ɗaga matakin da suke fara biya. Ma'anarsa ita ce asarar matsakaitan bala'o'i, irin na ƙanƙara da tsawa, ta koma kan ƙananan kamfanoni, su kuma suka sauke ta a kan abokan cinikinsu. Farashin ya ɗan sauko daga baya, amma mai gida bai cika jin saukowar ba. A Mayun 2023 State Farm, mafi girman mai inshorar gidaje a Kaliforniya, ya daina karɓar sababbin gidaje a jihar, ya kafa hujja da tsadar gini da ƙaruwar haɗari da tsadar inshorar inshora. A Fulorida kamfanin Citizens, wanda jihar ta kafa domin waɗanda kowa ya ƙi, ya kai kimanin takardun inshora miliyan 1.4 a 2023. Da yake kasuwar ta duniya ce kuma da dala ake yawan cinikinta, kamfanin da ke Legas ko Yamai yana iya tarar da an tsaurara masa sharuɗɗa saboda guguwar da ta sauka a wata nahiya.

A ganina kuskure mafi tsada da gwamnati kan yi a nan shi ne danne farashi ba tare da rage haɗarin ba. Shekaru da dama Kaliforniya ta hana kamfanoni saka kuɗin inshorar inshora da hasashen gaba a cikin farashinsu, sai a ƙarshen 2024 ta sassauta, bayan da yawa sun ja da baya. Shirin inshorar ambaliya na Amurka, wanda aka kafa a 1968, ya daɗe yana sayarwa da araha har bashi ya yi masa katutu, majalisa ta yafe masa dala biliyan 16 a 2017 amma har yanzu ana bin sa sama da biliyan 20. Tsarin Flood Re na Birtaniya da ya fara a 2016 ya fi hikima a wuri ɗaya: yana tallafa wa tsofaffin gidaje, amma ba ya karɓar gidan da aka gina daga 2009, domin kada tallafin ya zama gayyata ga masu gini a kwarin ruwa.

Idan an kawo maka hasashe, ka san yadda ake karanta shi. Tun bayan Andrew kamfanoni suka rungumi manhajojin kwamfuta masu ƙirƙiro dubban bala'o'i na gwaji su auna su a kan gine-ginen da ke ƙasa, aikin da Karen Clark ta fara da kamfaninta AIR a 1987. Kalmar da ta fi ruɗa mutane a cikin sakamakonsu ita ce ambaliyar shekara 100. Ba ana nufin sai bayan shekara 100 za ta dawo ba, ana nufin yiwuwarta kashi 1 cikin 100 ce a kowace shekara, wanda a tsawon shekara 30 na zaman gida ya kai kusan kashi 26.

Dawo kan takardar da ke hannunka

Duk abin da ya gabata yana ƙarewa ne a 'yan layuka na takardar inshorarka, kuma layin farko da za ka duba shi ne adadin da aka rubuta a matsayin darajar kadarar. Yawancin takardun inshorar kadarori suna ɗauke da sharaɗin cewa idan ka rubuta ƙasa da ainihin daraja, za a rage maka diyya gwargwadon giɓin. A ce sake gina sitonka yau zai ci naira miliyan 80, amma takardarka tana kan miliyan 40 da aka rubuta shekara uku baya, sai iska ta yi maka ɓarnar miliyan 20. Kamfanin zai ce rabin darajar ka yi wa inshora, don haka miliyan 10 zai ba ka. Maganin wannan shi ne a duk sabuntawa ka sa mai ƙiyasin gini ya fitar maka da kuɗin sake ginawa a farashin siminti da rodi na ranar, ban da kuɗin fili, domin fili ba ya ƙonewa. Ɗan kasuwar da hajarsa ke ƙaruwa gabanin azumi ko lokacin kaka ya gaya wa dillalinsa, akwai tsarin da ake bayyana yawan kaya lokaci-lokaci.

Sai ka karanta sunayen haɗuran da aka lissafa, ɗaya bayan ɗaya. Inshorar gobara zalla ba ta biyan ambaliya, a Najeriya sai an faɗaɗa ta da ƙarin haɗura na musamman kafin ruwa da iska su shigo ciki. Wannan tarko ya kama mutane a ƙasashen da suka fi mu sanin inshora. Bayan Katrina an yi shekaru ana shari'a a kan ko iska ce ta rushe gida ko ruwa, domin takardar gidaje ta Amurka tana biyan na iska ba ta biyan na ambaliya. A ambaliyar Yulin 2021, wadda ta fi muni a kwarin Ahr ta kuma kashe mutane sama da 180 a Jamus, an tarar gidajen ƙasar da ke da kariyar ambaliya ba su kai rabi ba. Ka duba kuma kason da aka ce kai za ka ɗauka daga kowace asara, musamman idan an rubuta shi da kaso cikin ɗari na darajar kadarar, domin a kan babban gini wannan kuɗi ne mai yawa. Mai masana'anta ya tambaya ko an haɗa da asarar tsayawar aiki, da wata nawa za a biya.

Game da kamfanin kansa, ka tabbatar yana da lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, ka kuma tambayi dillalinka wane ne ke bayansa idan babban bala'i ya zo, domin kamfanin da farashinsa ya yi araha fiye da kima wani lokaci kariyar bayansa ya rage. Dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar kadarori daga naira biliyan 3 zuwa biliyan 15, kuma dalilin ke nan. Ka biya kuɗinka ka karɓi rasit, domin ƙa'idar Najeriya ita ce in ba a biya ba babu kariya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba yana da takaful, wadda kamfanoni irin su Noor da Jaiz ke gudanarwa a kan gudummawa da taimakon juna, sai dai duk tambayoyin nan suna nan daram a kanta, tun da ruwa da wuta ba su bambanta asusu ba.

Ɓangaren da ya fi zama a hannunka shi ne ƙarfin ginin. Cibiyar Kimiyyar Gine-gine ta Ƙasa a Amurka ta ƙiyasta a 2019 cewa kowace dala ɗaya da aka kashe wajen bin ƙa'idojin gini na zamani tana hana asarar dala 11. A aikace wannan yana nufin ɗaure rufi da bango da ƙarfe maimakon ƙusa kaɗai, ɗaga daɓe sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, ɗora janareta da akwatin wuta da haja a kan dakali, yashe magudana kafin damina, da raba sito biyu da bangon da wuta ba ta ketarawa. Ka ɗauki hoton duk gyaran da ka yi ka nuna wa kamfanin lokacin sabuntawa, domin hujja ce ta neman ragi. Ka ajiye hotunan kadarar da rasitan kaya da kwafin takardar inshora a wani wuri dabam ko a intanet, tun da ruwan da ya ci shago ba zai bar littafin shagon ba. Idan ɓarna ta auku, ka sanar da kamfanin a rubuce cikin kwanakin da takardar ta ƙayyade, ka yi abin da za ka iya na tsare ragowar kayan, kuma kada ka zubar da wanda ya lalace ko ka fara gyara sai mai ƙiyasin kamfanin ya zo ya gani ya rubuta.